Amshi da Amsa: Narambaɗa da Sadarwar Siyasa a Ƙasar Gobir

A watan Satumba na 2021, ina cikin zangon farko na karatun digiri na biyu a fannin sadarwa, Gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, ciki har da Sabon Birni da Isa. Gwamnan wancan lokaci, Aminu Waziri Tambuwal, ya bayyana matakin a wata hira da Sashen Hausa na Muryar Amurka, bayan maƙwabciyarmu Zamfara ta riga ta ɗauki irinsa a farkon watan. Manufar ita ce a raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu labari. A makon ne kuma malaminmu yake koyar da mu tambayoyin nan biyar da Harold Lasswell ya tsara a 1948, waɗanda kowane ɗalibin sadarwa yake haddacewa: wa ya yi magana, me ya ce, ta wace kafa, ga wa, kuma da wane tasiri. Ina rubuta su a littafi, wayata na gefe, na kira gida Sabon Birni ya fi sau goma ba ta shiga. Sai bayan kwana shida ƙanena ya kira ni da lambar Nijar, ya ce sai da ya taka zuwa wani tudu kusa da iyaka kafin ya sami sabis, kuma kowa lafiya.

A waɗannan kwanaki shida, abin da ya rage mini na gida shi ne waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa da ke cikin wayar. Tun ina yaro nake jin su a rediyon kawuna, amma ban taɓa sauraren su da kunnen ɗalibin sadarwa ba sai a lokacin. Abin da na ji shi ne tushen wannan maƙala. Ina so in nuna cewa waƙar fada tsohuwar kafa ce ta sadarwar siyasa a ƙasar Gobir, cewa an gina ta a kan amshi ba tare da an bar wa amsa gurbi ba, kuma kafafen zamani da suka gaje ta sun gaji wannan giɓi tare da ita.

Abin da littafi ya tsallake

Littattafan da muke karantawa a aji sun ginu ne a kan tarihin Turai da Amurka. Jürgen Habermas, a littafinsa na 1962, ya gano asalin dandalin mahawarar jama'a a gidajen shan gahawa na Ingila da zaurukan hira na Faransa da jaridun ƙarni na 18. McCombs da Shaw, a 1972, sun nuna yadda kafafen yaɗa labarai ke zaɓa wa jama'a batun da za su ɗauka da muhimmanci. Idan aka zo Nijeriya, akan fara lissafi daga jaridar Iwe Irohin da aka kafa a Abeokuta a 1859, a gangaro kan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sannan Sashen Hausa na BBC a 1957. Duk wannan ilimi ne mai amfani, kuma na ƙaru da shi. Sai dai wanda ya tsaya a kan wannan lissafi zai ɗauka cewa mai mulki da talaka a Gobir ba su da hanyar jin juna sai da akwatin rediyo ya iso.

Tarihin ƙasar ya ƙaryata haka. Lokacin da Sarkin Gobir Nafata ya ga jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na ƙaruwa, shela ya sa aka yi a kasuwa: kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu kaɗai, kada maza su naɗa rawani, kada mata su yi lulluɓi, wanda kuma bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa. Wannan doka ce ta taƙaita magana, an kuma yaɗa ta ta kafar da ta fi kowace isa ga jama'a a zamanin. Shehu da almajiransa, a nasu ɓangaren, sun yi amfani da wa'azi da wasiƙu da waƙoƙin Fulatanci da Hausa, domin sun san talaka ba ya karanta Larabci amma yana haddace baiti. Kafin a yi hijira zuwa Gudu a 1804, an daɗe ana gwabzawa da baki.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, wadda kufanta ke cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni a yau, da kuma yaƙin Gawakuke na 1836, sarautar Gobir ta rabu. Wasu Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. A Isa kuwa, zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce ta riƙe sarautar da sunan Sarkin Gobir. Suna ɗaya, gadaje uku, kowanne da tarihin da yake kafa hujja da shi. Inda aka sami irin wannan, takobi kaɗai ba ya wadatarwa, dole a sami bakin da zai riƙa faɗa wa jama'a kullum wane ne sarki da dalilin da ya sa shi ne. A fadar Isa, zamanin Sarkin Gobir Amadu, wannan baki shi ne Narambaɗa, mutumin Tubali, da kotsonsa da 'yan amshinsa.

Narambaɗa a matsayin kafa

Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun yi aiki mai zurfi a kan turken waƙoƙin Narambaɗa da salonsu da hikimar harshensu. Ba ni da abin da zan ƙara a wannan fage. Tambayata ta ɗan sadarwa ce: wane aiki waƙar take yi tsakanin mai mulki da waɗanda ake mulka? Na ga ayyuka huɗu.

Na farko, tana kafa halaccin sarauta. Idan makaɗin fada ya jero iyaye da kakannin ubangidansa, mai nazarin adabi zai ce tubalin nasaba ne. Haka ne, amma a ƙasar da ake da masu da'awar suna ɗaya har uku, jero nasaba gabatar da takardun shaida ne a bainar jama'a. Wanda bai taɓa shiga zauren malamin tarihi ba yakan san salsalar sarkinsa daga bakin makaɗi.

Na biyu, yabo bashi ne. Idan aka tsaya gaban taron salla aka kira sarki mai kyauta, mai adalci, garkuwar talakawa, an ɗora masa ma'aunin da za a auna shi da shi gobe. M. G. Smith, a maƙalarsa ta 1957 a kan roƙo a ƙasar Hausa, ya lura cewa yabo da kunyatarwa hanya ce da al'umma ke bi ta tsare ɗabi'un da take girmamawa. Sarkin da aka wasa da kyauta ya yi rowa ya ƙaryata makaɗinsa, ya kuma ƙaryata kansa a gaban duk wanda ya ji waƙar. Wannan ita ce 'yar ƙofar da talaka ke leƙen sarki ta cikinta.

Na uku, waƙar tana tallata ƙarfin kanta. Abin da ya fi jan hankalina a Bakandamiya shi ne yawan gurbin da makaɗin ya ba kansa a cikin waƙar da ta ubangidansa ce. Yana wasa azancinsa, har ya kwatanta waƙarsa da ta Alfazazi, mai Ishiriniya, wadda malamai da almajirai ke rerawa a zaure. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin kirarin gwani kawai. Ni ina ganin ya wuce nan. Makaɗin Hausa ne yake ajiye kotsonsa kusa da alƙalamin malamin Larabci, yana cewa maganarsa ma tana da nauyi kuma za ta daɗe. Saƙon na jama'a ne, na sarki ne kuma: sunanka yana hannuna kamar yadda abincina ke hannunka. Lokaci ya gaskata shi, domin mutane da yawa a yau ba su san Sarkin Gobir Amadu ba sai ta bakin Narambaɗa.

Na huɗu, tana horo da zambo da habaici. A nan ne ya kamata mai tarke ya yi hattara, kada son gida ya rufe masa ido. Zambon makaɗin fada ba ya hawa sama. Yakan sauka ne a kan 'yan sarki masu jiran gado, da abokan hamayyar ubangida, da bafaden da ya yi rowa. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya taɓa ce mini muna zaune a ƙofar gida: "Ɗana, wanda ka cin tuwon sarki ba shi hwaɗa mai gaskiya sai da habaici, shi ma sai ranar da sarki ya tashi da hwara'a." Wannan ita ce iyakar kafar. Tana da ƙarfi, amma akalar ƙarfin tana hannun mai ba da riga da doki.

Tsarin waƙar kansa ya nuna haka. Jagora ya kawo ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓa su koma kan gindi. Wani lokaci sukan tarbe shi su ƙarasa masa layi, har mai saurare ya ji kamar hira ake yi tsakanin mutane da yawa. Daɗin waƙoƙin Narambaɗa kuwa rabinsa a wannan karɓeɓeniya yake. Amma abin da 'yan amshi suke ƙarasawa abu ne da aka riga aka shirya. Muryoyi ne da yawa a kan magana ɗaya. Ɗan amshi ba ya tsayawa tsakiyar fage ya ce bai yarda ba. Hausa ta bambanta kalmomin biyu duk da tushensu ɗaya ne: amshi maimaita abin da aka ba ka ne, amsa kuwa mayar da naka ne, ko da bai yi wa mai tambaya daɗi ba.

Magami

Ƙasar Gobir ta san amsa, kuma misalinta mafi shahara ya girmi Narambaɗa da fiye da ƙarni guda. Wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin babbar salla, ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu bai karɓi nasa rabon ba. A maimakonsa ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, kuma kada a nauyaya wa talakawa haraji. Bawa ya amince.

Idan aka ajiye wannan taro kusa da fagen Narambaɗa, za a ga kayan ginin iri ɗaya ne: sarki, da taron salla, da mai magana, da kyauta. Abin da ya raba su shi ne inda kyautar ta kwana. Makaɗi ya karɓa, sai ya zama mai faɗar abin da fada ke so cikin mafi kyawun harshe. Malami ya mayar, sai ya sami bakin faɗar abin da talaka ke so a gaban sarki. Biyu daga cikin buƙatun nan biyar a kan 'yancin magana da 'yancin saurare suke, biyu kuma a kan fursuna da haraji. Ɗalibin da ke neman asalin aikin da sashe na 22 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida, wato bin diddigin gwamnati a madadin jama'a, ba sai ya tafi gidajen gahawa na Landan ba. Ba ina cewa Magami dimokuraɗiyya ce ba, domin babu ƙuri'a a wurin, kuma abin da Bawa ya bayar Nafata ya karɓe. Ina cewa ne mutanen wannan ƙasa sun daɗe da sanin cewa mai karɓa da mai tambaya ba sa zama a jiki ɗaya.

Magada

Siyasar jam'iyyu ta gaji kotso tun daga zamanin NEPU da NPC, kuma har yau babu ɗan takarar da ke fita kamfe ba mawaƙi. Gidajen rediyo masu zaman kansu sun haifar da sojojin baka, waɗanda ake saya wa fili su wasa wane su zambaci wane. Wayar hannu ta ƙara wasu, masu yaɗa saƙon uban gida a Facebook da WhatsApp. Nasaba da yabo da zambo duk suna nan, sai dai azancin ya ragu. Abin da aka rasa shi ne bashin da yabo ke ɗorawa. Sarkin Gobir Amadu yana zaune a Isa, gobe zai haɗu da waɗanda suka ji an kira shi mai adalci. Wanda ake wasawa a yau yana iya shekara bai taka mazaɓarsa ba.

Akwai magajin da ya fi waɗannan tayar da hankali. A ƙarshen 2021, watannin da aka ƙona matafiya fiye da ashirin cikin mota a Gidan Bawa, wata waƙa ta yaɗu a wayoyi tana wasa Bello Turji, jagoran 'yan bindigar da suka addabi Isa da Sabon Birni da Shinkafi. Na saurare ta sau ɗaya don bincike. Tubalanta su ne waɗanda muke koya a ajin waƙar baka: kirari, da zuga, da kambamawa, da amshi mai saurin kama baki. A watan Disamba na shekarar, Turji ya aika wasiƙa da Hausa zuwa ga Sarkin Shinkafi da Gwamnan Zamfara da Shugaban Ƙasa, yana gindaya sharuɗɗan sulhu. Tun daga nan kuma bai daina sakin bidiyo ba. Mawaƙi, da wasiƙa, da shela: mutumin ya tattara kayan fada ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙalubale ne ga mu masu nazarin adabi. Idan iyakar tarkenmu shi ne ƙirga siffantawa da kamance da jinsintarwa, ba mu da ma'aunin da zai raba waƙar sarki da waƙar ɗan fashi, domin salon bai zaɓi ubangida ba. Dole tarke ya tambayi wa waƙa take ƙarfafawa, wa kuma take rufe wa baki.

'Yan jarida sun yi ƙoƙarin shiga wannan daji. A 2022 gidan talabijin na Trust TV ya nuna wani shiri da ya ƙunshi hira da Turji, BBC ma ta fitar da nata a kan 'yan bindigar Zamfara. A watan Agusta na shekarar Hukumar NBC ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5, da wasu kamfanonin da suka nuna shirin BBC, bisa zargin kambama ta'addanci. Daga baya wata kotun tarayya a Abuja ta soke tarar. Ina tare da 'yan jaridar a kan wannan, domin al'umma ba ta maganin ciwon da aka hana ta gani. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba a lokacin da ake ta ce-ce-ku-ce. Gwamnati ta yi magana, ɗan bindiga ya yi magana, ɗan jarida ya yi magana a kan su biyun. Manomin da ya biya haraji kafin ya girbe geronsa yakan bayyana ne a daƙiƙa talatin yana kuka, ko kuma a cikin adadin waɗanda suka mutu. Ana magana a kansa, ba safai ake magana da shi ba. Wurin da ya fi samun faɗar tasa shi ne shirye-shiryen kiran waya, irin Ra'ayi Riga na BBC da takwarorinsa a tashoshin gida, da kuma kiran da yake yi wa wakilin rediyo da asuba bayan an kai hari. Wannan hanya ce katse layin 2021 ya toshe. Ko da niyyar ta tsaro ce, sakamakon shi ne rediyo yana shigowa gari, muryar gari ba ta fita. An bar mana kunne an ɗauke baki.

A ƙarshen Yuli na 2024 aka sace Sarkin Gobir, Hakimin Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, tare da ɗansa a kan hanyar Sabon Birni. Bayan makonni aka saki bidiyonsa a ɗaure yana roƙon a cece shi. A watan Agusta aka kashe shi. Na kalli bidiyon a waya ɗaya da na saurari Bakandamiya, kuma ban san wani abu da ya taɓa nuna mini juyin zamani kamar wannan ba. Sunan sarautar da makaɗi ya ɗaga har ya kai shi ko'ina ake jin Hausa, shi ne aka ajiye a ƙasa gaban kyamarar ɗan bindiga. Wanda ake roƙo ya koma mai roƙo. Mu kuma muka yi abin da muka iya: muka tura wa juna, muka rubuta addu'a a ƙarƙashi, dubbai a kan dubbai. Amshi ne mafi girma da ƙasar Gobir ta taɓa yi. Amsar da za ta fito da shi da rai ba ta iso ba.

Kammalawa

Masana sadarwa sun daɗe da lura cewa tsarin Lasswell hanya ce mai tafiya gefe ɗaya, har suka ƙara masa abin da suka kira martanin mai saurare. Amma martanin da ake aunawa a binciken ra'ayi da ƙirgar masu kallo amfanin mai magana yake yi, domin ya san yadda zai gyara waƙarsa ta fi shiga. Amsar da nake nufi ita ce wadda take wajabta wa mai mulki ya tsaya ya ji, ya kuma mayar da bayani, kamar yadda Bawa ya tsaya a Magami. Saboda haka, a kundin da nake rubutawa na ƙara tambaya ta shida a kan biyar ɗin da muka haddace: wanda aka yi wa maganar, ta ina zai mayar da tasa, kuma wa ya zama dole ya saurare shi? Da wannan tambaya nake auna tashar rediyo, da ita nake auna waƙar kamfe, da ita kuma nake auna dimokuraɗiyyar da muke ciki tun 1999.

Wannan ma'auni bai rage wa Narambaɗa daraja a wurina ba. Ya yi aikin da zamaninsa ya ba shi, ya kuma yi shi yadda har yau ba a sami na biyunsa ba. Bai taɓa cewa shi wakilin talakawa ne ba, kowa ya san gidan da yake ci. Alhakin yana kanmu, mu da muke da tsarin mulkin da ya ba mu 'yancin tambaya, muka zaɓi zama 'yan amshi. Ɗalibin adabi da ɗalibin sadarwa suna da aiki ɗaya a nan: su koya wa kunnensu rarrabe muryoyi masu yawa da magana mai yawa.

Ƙanena har yanzu yana ajiye da layin nan na Nijar. Na tambaye shi dalili, tunda sabis ya daɗe da dawowa. Ya ce, "Yaya, ba a san ranar da za a sake ɗaukewa ba, kuma in abu ya faru ina son in sami wanda zan gaya wa."